Babban jirgi ko dahabiyya a Kogin Nilu: wurin zama da teburin abincin dare

Duk wanda ya shiga ofishin masu shirya tafiye-tafiye a nan Kano ya ce yana son yawon Kogin Nilu, hoton ɗaki za a fara nuna masa a waya: gado an ja masa farin zani, taga tana kallon ruwa, banɗaki fes. Ɗakin nan kuwa barci ne zai kai ka cikinsa, sai sallah da sauya kaya. A saman jirgi ake yini, a teburin abinci ake raba dare, kuma su biyun nan ba kasafai ejan ke ta da zancensu ba, don shi ma galibi a takarda ya san jirgin.

Yawancin mutanenmu ba wannan yawon ne ke kai su Masar ba. Wani Hajiyarsa ya raka ganin likita a Alƙahira aka ce su dawo bayan mako guda. Wani ɗansa ne ya kammala karatu a Azhar. Wasu kuma ango ne da amarya da suka tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano da niyyar hutu. Daga Alƙahira zuwa Luksor, garin da ke bakin Nilu a kudancin ƙasar, kimanin awa ɗaya ce a jirgin sama, ko mutum ya kwana a jirgin ƙasa. Daga Luksor zuwa Aswan ta ruwa akwai kilomita 200 da ɗoriya, kuma nan ne zaɓin ke zuwa: babban jirgi mai inji, ko dahabiyya.

Wanda nake kira babba ɗin ma ƙarami ne in aka jera shi da jiragen teku. Hawa huɗu ne ko biyar, ɗakuna yawanci 50 zuwa 70, kuma ba ya iya wuce wannan girman don dole ya shige mashigar madatsar Esna, inda ake rufe jirgi tsakanin ƙofofi biyu a ɗaga ruwa ko a sauke shi. Mai tashi daga Luksor kwana huɗu yake yi saboda yana haure ruwa, mai gangarowa daga Aswan kwana uku. Dahabiyya kuwa irin jirgin da masu hali ke hawa ne tun kafin kamfanin Thomas Cook ya fara kai masu yawon buɗe ido Nilu a 1869 jiragen tururi su karɓe kasuwar. Manyan ƙyallaye biyu gare ta, ɗaya gaba ɗaya baya, iskar arewa ke tura ta kudu, ranar da iska ta ƙi kuma wani ɗan jirgi mai inji ya ja ta da igiya. Ɗakunanta huɗu ne zuwa goma ko sha biyu. Yawancinsu daga Esna suke tashi, kimanin kilomita 55 kudu da Luksor, a mota ake kai mutum. Akwai kuma faluka, ƙaramin jirgi mai ƙyalle, wadda ake kwana kan katifa a fili kowa na ganin kowa. Mai iyali ya bar ta kawai.

Saman babban jirgi fili ne mai tsawo. A gefe guda akwai ɗan tafkin ninƙaya, kewaye da shi an jera kujerun kishingiɗa cikin rana, sannan wani sashe an yi masa rumfa da kujeru da ƙananan tebura, a kusa da nan kuma kantar da ake sayar da lemo da giya. Babu kujerar da ke da mai ita. Duk da haka tun kafin karin kumallo za ka tarar an ɗora tawul da littafi a kan masu kyaun, an kama wuri an tafi, kamar yadda ake shimfiɗa darduma a sahun gaba ranar Juma'a. Abin da ke taimakonmu shi ne ba abu ɗaya muke nema da Turawa ba. Bature ya baro sanyin ƙasarsa rana yake bi, mu kuma da muka baro ranar Kano inuwa muke so, don haka da hantsi rumfar nan kusan tamu ce. Gasar tana tashi ne da la'asar sakaliya, lokacin da ake fito da shayi da biskit kowa ya hau kallon faɗuwar rana. Mai son wuri a lokacin sai ya riga shayin hawa.

Gefen da za ka zauna ya danganta da inda jirgin ya dosa. In Aswan kuka nufa, kudu kuke kallo, rana na fitowa ta hagu ta faɗi ta dama. Rumfa tana kare ranar tsaka ne kawai, ta safe da ta yamma ta ƙarƙashinta suke shigowa. Saboda haka da safe ka zauna a dama, bayan azahar ka koma hagu, in kuma jan gari kake son gani a bayan itatuwan dabino, ka dawo dama dab da magariba. Mai gangarowa Luksor ya juya lissafin. Can bayan jirgi ya fi ƙarancin mutane, amma da dalili: nan hayaƙin inji ke fita, kuma in kuka yi ayari da wasu jiragen ka shaƙi nasu ma.

Sai maganar da ejan ba zai taɓa yi maka ba. Gefen tafkin nan mata da maza ne cikin kayan wanka, tun safe har yamma, kuma ba laifi suke ganin sun yi ba, kuɗinsu suka biya. Wani dattijo da muka hau tare, ɗan kasuwar Kwari, ya hau sama ranar farko da carbinsa, ya yi tsaye jim kaɗan, ya juya ya sauka, ya ce wa ɗansa, "Kai, nan ka ce mu zo mu huta?" Yini biyu ya yi a ɗaki yana kallon kogi ta taga. Ba sai an kai ga haka ba. Da zarar kun shiga jirgi, kafin a kwance kaya, mutum ɗaya ya hau ya ga ta ina tafkin yake, ya zaɓi kujerun da ke can ƙarshen rumfa, a juya su suna kallon gaɓa. Abin kallon ma a gaɓar yake: gonakin rake da ayaba, yara na kora bauna cikin ruwa, hasumiyar masallacin ƙauye, sai yashi da duwatsu can baya inda ruwan Nilu bai kai ba.

Lokacin shekara yana iya ɓata duk wannan tsarin. Daga Oktoba zuwa Afrilu ne kasuwar ke ci, kuɗi ma a nan suke tashi. A Disamba da Janairu rana mai daɗi ce, amma tana faɗuwa iskar kogi ke juyawa ta yi sanyin da ke shiga ƙashi, wanda bai zo da rigar sanyi ba ba zai yi rabin awa a sama ba. Daga Yuni zuwa Agusta zafin Aswan yana haura digiri 40, farashi ya sauka, saman jirgi kuma ya zama kufai daga hantsi har la'asar. Araha ba ta ado.

Abu ɗaya da babban jirgi ke da shi wanda mai tashi daga Esna a dahabiyya ba zai gani ba shi ne cinikin mashigar Esna. Jirage na layi suna jiran a buɗe musu ƙofa, sai ga 'yan kasuwa cikin ƙananan kwale-kwale sun manne a jikin jirgi. Mutum zai naɗe jallabiya ko mayafin teburi a leda, ya wurgo ta daga ruwa har hawa na huɗu, ta faɗo a gabanka. Ka buɗe ka duba, ka leƙa ka taya, ya ɗaga hannu sama ya rantse ya yi asara, ka yi kamar za ka mayar masa, ya sallama. Kuɗin a cikin ledar ake sawa a wurga masa. Dattijon nan na Kwari wannan ne ya fito da shi daga ɗaki, kuma sai da ya murza yadin tsakanin yatsu biyu ya ce wa ɗansa rabin abin roba ne, sannan ya saya duk da haka.

Inda babban jirgi ke faɗuwa warwas shi ne wurin kwana. A Luksor da Edfu da Aswan jiragen sun fi matsaya yawa, sai a ɗaure su gefe da gefe, uku, huɗu, har fiye. Kafin ka taka ƙasa sai ka ratsa zauren jirage biyu ko uku. Tagar da aka nuna maka a waya tana kallon tagar wani, labule a rufe, janareto na kowane jirgi na ruri. Hawa sama da dare a irin wannan wuri ba hutu ba ne.

Dahabiyya a gefen tsibiri ko bakin gona take kwana, a kafa turke a ɗaure ta. Samanta kusan duka rumfa ce, da darduma da matasai da kujerun kwanciya da suka ishi kowa, ba mai kama wuri da tawul. Tana kusa da ruwa, kana jin maganar masunta in sun wuce. Yawancinsu ba su da tafki, don haka matsalar kayan wanka ta ragu, ko da yake wasu fasinjojin na faɗawa kogin in an tsaya. Tana kuma tsayawa inda manyan ba sa iyawa, kamar Jabal Silsila inda Fir'aunoni suka fasa duwatsun da aka gina haikalin Karnak na Luksor da su, wasu ma har kasuwar raƙuma ta Daraw suke kai mutane. A Edfu kuwa, maimakon a sauke ku da sassafe tare da fasinjojin jirage goma ana rububin keken doki zuwa tsohon haikalin garin, sai a jira taron ya watse.

Mai karatu zai ce to ai magana ta ƙare, a hau dahabiyya. Teburin abinci ne bai bar ta ta ƙare ba.

A babban jirgi ɗakin cin abinci yawanci a hawan ƙasa yake, tagoginsa dab da ruwa. Teburin da aka zaunar da kai a cin farko shi ne naka har ranar sauka, safe da rana da dare, da ma'aikacin da zai riƙa kula da ku. Ana raba mutane ne bisa kamfanin da ya kawo su da yaren jagoransu, shi ya sa ɗan Najeriya kan tsinci kansa a teburin mutum shida ko takwas tare da Ingilishi ko Indiyawa ko Amurkawa. Wani zai ji daɗin hirar. Amma ka yi tunanin amaryar da ba ta saba cin abinci gaban baƙon namiji ba, ko mai niƙabi, ga kwalbar giya a gefen farantinta dare huɗu a jere. Maganin abin yana hannun mutum ɗaya, shugaban ɗakin abinci, kuma tebura masu cin mutum biyu ko huɗu ba su da yawa. Ka same shi tun kafin a buɗe ƙofa, ka gaishe shi da kyau, ka ce teburin iyali kake so a lungu, inda uwargida za ta ba jama'a baya. Musulmi ne yawancinsu, ba sai ka yi dogon bayani ba. Ɗan abin hasafi a hannu ba ya ɓata komai, Masar ƙasar bakshish ce.

Abincin a jere ake ajiye shi kowa ya ɗiba, kuma lokaci ɗaya ne ga kowa, galibi tsakanin ƙarfe bakwai da rabi da takwas. Ko ka zo ana buɗewa, ko ka bari layin farko ya wuce. Akwai shinkafa da kaza da kifi da taliya kullum, dare ɗaya kuma na girkin ƙasar ne, da koshari da ɗa'amiyya da miyar kuɓewa da mulukhiyya, wadda lalo ce aka yanka ƙanana aka sa mata tafarnuwa. Nama a Masar yankan Musulmi ne a mafi yawan wurare, abin tambaya shi ne ko an zuba giya a wani romo ko kayan zaƙi na Turawa. Girkin an yi shi ne don harshen baƙi, ba yaji ko kaɗan. Matar da ta zo da ɗan kwalbar yajin ƙuli ko na tafarnuwa a jakarta ita ce sarauniyar teburi. Abin sha ba ya cikin kuɗin tafiya a yawancin jiragen, har ruwan gora rubutawa ake yi a lambar ɗakinka a kawo maka lissafi ranar sauka. Daren jallabiya da rawar da ake yi bayan abinci a wani zaure daban ake yin su, wanda bai so ba ya wuce ɗakinsa, ba mai neman sa.

Wannan "ba mai neman sa" ɗin shi ne abin da dahabiyya ba ta da shi. Teburi ɗaya ne dogo a saman jirgi, ku goma ko sha huɗu, kowa ya san sunan kowa tun daren farko. Girkin ya fi daɗi nesa ba kusa ba, don kuku ɗaya ne ke dafa wa mutum kaɗan, yana sayen kifi da ganye a hanya, kuma in ka ce masa Baba ba ya cin gishiri ko Hajiya na da sukari zai riƙe. Ruwa da shayi da zoɓo, wanda suke kira karkade, sau da yawa suna cikin kuɗin. Wani daren ma a kan yashin gaɓa ake kafa teburin da fitilu. Sai dai in ku biyu ne kacal cikin baƙi goma, ba lungun da za ku koma. Wanda ke gefenka zai sha giyarsa, a tambayi matarka me ya sa ta rufe kai, ba da mugun nufi ba, amma kullum. In ba ku fito cin abinci ba a aiko a ji ko lafiya. Wasu jiragen za su ware muku ƙaramin teburi in kun roƙa, sai dai taku uku ne tsakaninsa da babban, kuma kowa ya ga kun ware.

Sallah ma tana shiga lissafin. A hunturu magariba a Luksor wajen ƙarfe biyar take, wato daidai lokacin shayi, isha kuma ta wuce kafin a zauna cin abinci, ba abin da ya ci karo. A bazara, da yake Masar ta dawo da ƙara awa ɗaya a agogo tun 2023, rana ba ta faɗuwa sai takwas saura, daidai ana buɗe ɗakin abinci. A babban jirgi ba za a jira ka ba, amma teburinka na nan, ka yi sallah ka sauko ka samu abin da ya rage. A dahabiyya ana iya ja da lokacin in sauran sun yarda. Alƙibla kuma ba inda muka saba ba ce. A Kano gabas muke kallo mu ɗan karkata arewa, a tsakanin Luksor da Aswan kuwa gabas ce mai karkata kudu. In jirgi ya miƙe kudu, tana hagunka ta wajen gaba. Kogin na lanƙwasa, jirgin na bin sa, don haka mafi sauƙi a tambayi ma'aikata ko a duba waya a lokacin, ko a yi sallar in an ɗaure jirgi. Cikin azumi duka biyun ba wuya, ma'aikatan da kansu suna sahur da buɗa baki, su za su ƙwanƙwasa maka.

Ni dai ga inda na tsaya. Ango da amarya, ko miji da mata da yaro ɗaya ko biyu, su hau babban jirgi, su nemi ɗaki a hawa na uku ko na huɗu nesa da inji, su kama teburinsu su kaɗai. Cikin mutum ɗari ba wanda ya damu da kai, kuma wannan sutura ce da kuɗi ba sa saya a ƙaramin jirgi. Ga shi ya fi sauƙin kuɗi ƙwarai, don kujera ɗaya a dahabiyya tana iya cin ninkin ta babban jirgi ko fiye.

Amma in kun kai goma zuwa sha shida, gida ɗaya ko abokan kasuwa da iyalansu, ku ɗauki shatar dahabiyya sukutum. Nan ne take zama abin da ake faɗa. Ku ce kar a ɗoro giya, ba za a ɗoro ba. Ku tsara lokacin abinci da kanku, a yi jam'i a sama, mata su ɗauki gefe guda na rumfa su miƙe ƙafa, wata ma ta shiga kicin ta nuna wa kuku yadda ake dafa-duka. Ma'aikatan maza ne, don haka a yi magana da shugabansu tun ranar farko cewa ba a hawowa sama sai da sallama. Shata irin wannan watanni kafin tafiya ake kama ta, musamman ta Disamba, ba abin da za a shirya daga ɗakin jiran asibiti ba ne.

Wanda ya zo da tsoho ko mai jinyar gwiwa ya yi hattara da duka biyun. Yawancin manyan jiragen ba su da lif, ga ɗakin abinci a ƙasa, wurin zama a can sama, hawa huɗu tsakani, sau uku a yini. Dahabiyya bene ɗaya ne kawai, sai dai sauka gaɓa a kan siririn katako ake yi, ma'aikata biyu na riƙe da sanda a matsayin madogara. Mai iya hawa bene a hankali ya fi samun sauƙi a dahabiyya, mai jiri ko tsoron ruwa a babban jirgi. Ƙananan yara kuma, wasu masu dahabiyya ba sa karɓarsu sai in shata ce, saboda shingen gefen gajere ne.

In ka koma wurin ejan, kar ka yarda da "jirgi mai tauraro biyar ne, Alhaji". Kusan duka haka ake kiran su, tsoho da sabo. Ya ba ka sunan jirgin, ka nemi hoton samansa da na ɗakin abincinsa ka ga girman rumfar da inda tafkin yake. Buƙatar teburin iyali a rubuta ta a jikin takardar biyan kuɗi, ya kuma tura wa kamfanin can ta WhatsApp a gabanka. Ko an rubuta, roƙo ne ba alkawari ba, wanda ya riga isowa shi ake ba. Ranar shiga jirgi da abincin rana ake farawa, a lokacin ake raba tebura, don haka tikitin Alƙahira zuwa Luksor ya zama na safe. Mai saukowa da jirgin yamma kujerar da ta rage zai tarar, yawanci a babban teburin tsakiya, kusa da inda ake layin ɗibar abinci.